Burzyan: Gundumar da Daji Ya Riƙe Mutanenta, Mutanenta Suka Riƙe Daji

 

Idan aka ambaci Rasha a wajenmu, abin da ke zuwa a zuciya shi ne Mosko da fadar Kremlin, sai makamai da dusar ƙanƙara. Ba kasafai ake tuna cewa cikin wannan ƙasa akwai al'ummomin Musulmi da suka fi shekara ɗari shida suna kallon alƙibla ba. Yau ina so mu bar manyan birane, mu shiga wata ƙaramar gunduma ta karkara mai suna Burzyan, a Jamhuriyar Bashkortostan, can kudancin tsaunukan Ural, kusa da inda masana taswira suka ja iyaka tsakanin Turai da Asiya.

Bashkortostan ɗaya ce daga jamhuriyoyin da ke cikin Tarayyar Rasha. Babban birninta Ufa, mutanenta kusan miliyan 4. Sunan Bashkir take ɗauke da shi, amma Bashkir ba su ne mafi yawa a cikinta ba. A ƙidayar 2010 Rashawa sun kai kashi 36 cikin 100, Bashkir ba su cika kashi 30 ba, Tatar kuwa kusan kashi 25. Wannan shi ya sa Burzyan ta fita daban. A can, cikin kowane mutum 100, fiye da 95 Bashkir ne. Harshen da ake ciniki da shi, ake kiran yaro da shi, ake ta'aziyya da shi, Bashkir ne, ɗaya daga harsunan dangin Turkanci, ɗan'uwa na kusa ga harshen Tatar.

An kafa gundumar a 1930. Faɗinta murabba'in kilomita 4,444, mutanenta kuwa a ƙidayar 2010 su 16,698 ne, wato ko mutum 4 ba su cika ba a kowane murabba'in kilomita. Hedikwatarta wani babban ƙauye ne a bakin kogin Belaya, wanda Bashkir ke kira Agidel, sunan ƙauyen Starosubkhangulovo. Babu birni ko ɗaya a gundumar. Layin dogo bai ratsa ta ba. Daga Ufa sai ka yi tafiyar fiye da kilomita 300, ƙarshenta cikin hawa da gangara. Gonar hatsi kaɗan ce, domin ƙasar dutse ce da kurmi, lokacin zafi gajere ne, hunturu kuma dogo. Abin da mutane suka dogara a kai shi ne dawaki da shanu da tumaki, aikin katako, da zuma.

Kafin mu kai ga zumar, wadda ita ce zuciyar maganata, sai mun san yadda aka yi wannan lungu ya tsira da kamanninsa alhali maƙwabtansa sun sauya.

Bashkir tsofaffin mazauna ne a wannan yanki. Ahmad ibn Fadlan, wanda ya tafi cikin tawagar da Halifa Muƙtadir ya aika daga Bagadaza zuwa ga sarkin Bulgar na bakin kogin Volga, ya ratsa ƙasarsu a 922, ya kuma rubuta labarinsu. A lokacin yawancinsu ba su karɓi Musulunci ba. Addinin ya shige su sannu a hankali cikin ƙarnukan da suka biyo, har suka zama Musulmi mabiya mazhabar Abu Hanifa. Bayan da Rasha ta ci birnin Kazan a 1552, ƙabilun Bashkir sun shiga ƙarƙashin sarkin Mosko a tsakanin 1554 da 1557, bisa yarjejeniya: za su biya haraji da fatun dabbobi da zuma, su ba da mayaƙa, shi kuma sarki ya amince cewa ƙasarsu tasu ce ta gado. Ku lura, zuma tana cikin harajin tun daga farko.

Alkawarin bai daɗe ba aka fara cin gefensa. Aka gina garuruwan soja, aka kawo baƙi, kuma daga 1736 doka ta buɗe ƙofar sayen filayen Bashkir. Sai ga masu masana'antun ƙarfe da tagulla sun cika kudancin Ural. Narka ƙarfe a wancan zamani da gawayi ake yi, gawayi kuwa daji yake ci. Wannan ne ya sa tarihin Bashkir na ƙarni na 17 da na 18 ya cika da tawaye: na 1662, na 1681, na 1704, na 1735, na 1755, sai babban yaƙin da wani mai suna Pugachev ya jagoranta daga 1773 zuwa 1775, wanda Salawat Yulayev, gwarzon da Bashkir suka fi alfahari da shi, ya yi fice a cikinsa. Ƙabilar Burzyan, wadda gundumar ta ɗauki sunanta, ba 'yar kallo ba ce a wannan tarihi. Aldar Isyangildin, ɗaya daga jagororin tawayen 1704, ɗan Burzyan ne, kuma an kashe shi a 1740. Tawayen 1755 ma daga ƙasar Burzyan ya tashi, lokacin da mutane suka kashe wani jami'in neman ma'adinai mai suna Bragin saboda zaluncin da ya yi musu. Tsohuwar ƙasar ƙabilar ta fi gundumar yau faɗi sosai. Abin da ya rage shi ne ɓangaren da ya fi wuyar shiga.

Nan ne dalilin yake. Filayen kwari masu albarka sun cika da manoma baƙi. Wuraren da ke da ƙarfe da mai sun zama birane. Burzyan ba ta da ƙasar noma da za a yi kwaɗayinta, ba ta da hanya mai sauƙi da za a kwashe dajinta gaba ɗaya. Nisa da wahala, waɗanda suka hana ta arziki, su ne suka bar mata harshenta da kurminta. Ba ina cewa talauci alheri ne ba, Allah Ya kiyaye. Ina faɗin yadda abin ya gudana ne. Kuma gundumar ba ta kuɓuta daga masifun ƙarni na 20 ba: yunwar 1921 zuwa 1922 ta yi wa ƙasar Bashkir mummunar ɓarna, aka zo aka tilasta gonakin haɗaka, aka rufe masallatai, aka sauya rubutun harshensu daga haruffan Larabci zuwa na Latin, sannan a 1940 zuwa na Rashanci.

To, mu je ga zuma.

Mu nan mun san amya. Ana saƙa ta, a shafe ta, a turara, a ɗaga a ɗaure a reshen bishiya, a jira zuma ta shiga. Mutanen Burzyan su ma sama suke hawa, amma ba sa rataya komai. Cikin bishiyar mai rai suke sassaƙa wa ƙudan zuma ɗaki. Suna zaɓen wata doguwar bishiya mai ganye kamar allura, wadda ba ta kaɗe ganyenta ko a tsakiyar hunturu, kuma sai wadda ta tsufa ta yi kauri, mai shekaru fiye da 100. Mutum ya hau mita 4, ko 8, wani lokaci fiye da 10, ya fafe rami mai tsawo a jikin gangar bishiyar, ya bar shi ya bushe, ya sa masa murfin katako, ya huda 'yar ƙofar da ƙudan za su riƙa shiga, ya liƙa guntun tsohuwar saƙa a ciki don ƙamshi. Wannan ɗaki shi suke kira solok. Daga nan sai jira. Ba a kamo zuma a zuba. Idan taron ƙudan da ya rabu da gidansu ya ga wurin ya yi masa, ya shiga. Idan bai ga dama ba, ramin na iya zama fanko shekara da shekaru.

Hawan ma abin kallo ne. Ba tsani. Akwai wata ɗamara da ake kitsawa da fata, sunanta kiram, mutum ya zagaya ta da bishiyar da ƙugunsa, ya riƙa sara 'yan matakai da gatari yana ɗaga ɗamarar yana hawa. Idan ya kai, sai ya ɗaura wani ɗan katako mai suna lange a jikin bishiyar, ya tsaya a kai, hannayensa biyu su sami 'yancin aiki. Yana turara hayaƙi, ya buɗe murfin, ya yanki saƙar daga ƙasa, ya zuba a wani akushin katako mai zurfi, ya zura shi ƙasa da igiya. Sau ɗaya ake wannan a shekara, wajen watan Satumba. Kuma ba ya kwashewa duka. Dole ya bar wa ƙudan abin da zai kai su ƙarshen hunturu, domin za su yi kusan wata 6 a kulle cikin itacen, sanyi a waje yana iya kaiwa digiri 40 ƙasa da sifiri. Mai haɗama da ya yanke fiye da kima, badi gawarwaki zai tarar. Bahaushe ya ce shan zuma sai da harbi. A Burzyan sai da harbi, sai da hawa, sai kuma da kame hannu.

Ba mutum kaɗai ke son zumar ba. Akwai beyar, wannan ƙatuwar dabbar daji mai gashi da farata, gwanar hawan itace. Dabarar da suka yi mata ita ce su rataya gungumen itace mai nauyi a gaban murfin. Idan ta ture shi ya dawo ya buge ta, ta ƙara turewa da ƙarfi ya ƙara dawowa da ƙarfi, har ta gaji ta sauka.

Abin da ya fi taɓa ni cikin wannan sana'a shi ne lissafin lokacinta. Kowane gida yana da tambarinsa, tamga, da ake sarawa a gindin bishiya, kuma wanda ya ga tambarin wani ba ya taɓawa. A al'adar da, mutum yakan ga matashiyar bishiya mai kyau, ya sare kanta don ta daina tsawo ta yi kauri, ya sa mata tambarinsa, ya tafi. Ya san ba zai fafe ta ba. Wataƙila ɗansa ma ba zai fafe ta ba. Jikansa ne zai zo bayan shekaru masu yawa ya ga alamar kakansa ya sa gatari. Ramin da aka fafe da kyau kuwa yana iya yin aiki fiye da shekara 100. Saboda haka mai hawa bishiya a yau yana cin moriyar wahalar wanda bai taɓa gani ba, yana kuma yi wa wanda ba zai gani ba aiki. Mutumin da dukiyarsa take haka ba sai an karanta masa dokar kare daji ba. Gobarar daji a wurinsa gobarar gida ce.

Su kansu ƙudan na musamman ne. Reshe ne na baƙin ƙudan zuma na arewacin Turai, waɗanda a yawancin ƙasashe sun gauraye da wasu irin har asalinsu ya ɓace. Na Burzyan suna da zafin rai, suna jure dogon sanyi, kuma sun saba da wani yanayi mai tsauri: babban abincinsu furen wata bishiya ce da Rashawa ke kira lipa, wadda take fure a watan Yuli na mako biyu zuwa uku kacal. A cikin waɗannan 'yan kwanaki ne za su tara mafi yawan abin da za su ci shekara. Bashkortostan na da kusan kashi ɗaya cikin uku na dukan dazukan lipa na Rasha, shi ya sa zumar Bashkir ta yi suna. Mu da muke karanta Suratun Nahli mun san an ambaci gidajen ƙudan zuma a duwatsu da itatuwa da abin da mutane ke ginawa. A Burzyan na biyun nan bai zama labari ba tukuna.

A 1958 hukumomin Tarayyar Sobiyet suka keɓe wani yanki na dajin gundumar musamman don kare waɗannan ƙudan, da farko a matsayin reshen wani gandun da ya girme shi, sannan a 1986 ya zama gandu mai cin gashin kansa da sunan Shulgan-Tash, mai faɗin hekta 22,531. A 1997 aka ƙara wani yanki mai suna Altyn Solok a gefensa, kuma a 2012 hukumar UNESCO ta sa su, tare da wasu gandaye maƙwabta, cikin jerin wuraren da take kira ma'ajiyar halittu, da sunan Bashkir Ural.

A nan nake so ɗalibanmu masu karatun gandun daji da muhalli su kasa kunne. A ƙa'idar Sobiyet, irin wannan gandu wuri ne da ake hana ɗan Adam taɓa komai. Amma a Shulgan-Tash an gane cewa idan aka kori masu hawa bishiya, an kori ƙudan ma, domin kogunan itace na halitta ba su da yawa, ƙudan sun dogara ga ɗakunan da mutane ke fafe musu suna gyarawa. Sai aka ɗauki 'ya'yan gidajen da suka gaji sana'ar aikin gadin daji. Mai gadin shi ne mai zumar. Yana zagaya dajin da doki don duba bishiyoyinsa, a wannan zagayen ne yake ganin sawun mafarauci da hayaƙin gobara. A ganina wannan ita ce hikima mafi girma da aka yi a gundumar, ta fi duk wata takardar yabo da ta zo daga baya. Sau da yawa a duniya ana kare daji ta hanyar mayar da maƙwabtansa ɓarayi a idon doka. A nan an mayar da su masu amana, kuma amanar ta riƙu saboda akwai abincinsu a ciki.

Shaidar cewa abin ya yi amfani ta zo daga nesa. Wannan sana'a ta taɓa zama ruwan dare a dazukan gabashin Turai, amma ta mutu a ƙasar Folan tun ƙarni na 19. A wajen 2007 masu zuma daga Shulgan-Tash suka je Folan suka koya wa ma'aikatan daji na can yadda ake fafe bishiya. Sana'ar ta farfaɗo, har a 2020 UNESCO ta sa al'adar kiwon zuma a bishiya ta Folan da Belarus cikin gadon al'adun duniya. Mutanen ƙauye daga bayan tsauni su ne malaman da suka mayar wa wata ƙasar Turai abin da ta yar.

Sunan gandun daga wani kogo aka samo shi. Kogon Shulgan-Tash, wanda Rashawa ke kira Kapova, yana bakin kogin Agidel, tsawonsa kusan kilomita 3, hawa uku, da rafi yana gudana a ƙarƙashinsa. Bashkir sun daɗe suna girmama wurin, kuma Shulgan suna ne a tsohon labarinsu na jarumta, Ural-batyr, inda yake yayan jarumi Ural. Masanin nan Pyotr Rychkov ya bayyana kogon a rubuce a 1760. Amma sai a 1959 wani masanin dabbobi da ke aiki a gandun, Aleksandr Ryumin, ya hango zane-zane a bangon ciki: giwaye masu gashi irin na zamanin ƙanƙara, dawaki, karkanda, yawancinsu da jar ƙasa. Kafin nan masana da yawa sun ɗauka irin wannan zane na mutanen farko sai a Faransa da Sifen. Bincike ya nuna shekarun zanen sun haura 14,000. A 2017, ana cikin goge ɓawon farar ƙasa da ya rufe wani bango, sai ga hoton raƙumi mai tozo biyu. A 2022 aka buɗe gidan tarihi kusa da kogon, a watan Yulin 2025 kuma UNESCO ta sa zanen cikin wuraren tarihi na duniya. Baƙi na ganin kwafin zanen ne kusa da bakin kogon. Na ainihin an rufe, domin numfashin jama'a da ɗumin jikinsu na lalata su.

Kada in bar ku da hoton aljanna. Gundumar na da damuwa, kuma damuwar ba ƙarama ba ce.

Ta farko aikin yi. Iyalai a Burzyan suna da 'ya'ya fiye da yadda aka saba a Rasha, amma babu masana'antar da za ta ɗauke su. Maza da yawa suna tafiya ci-rani arewa, filayen mai da gas na Saberiya, su yi wata ɗaya ko biyu su dawo, su sake komawa. Matasa masu karatu suna tafiya Ufa ko Magnitogorsk, da yawa ba sa dawowa. Sana'ar solok kuwa ba a koyon ta a aji. Sai yaro ya bi mahaifinsa daji shekara da shekaru. Idan uban yana Saberiya, ɗan yana birni, bishiyar da ke ɗauke da tambarin gidan tana nan tsaye, amma babu mai hawa.

Su ma ƙudan suna cikin haɗari. Masu kiwon zuma na zamani suna sayo ƙudan kudu, masu sanyin hali da saurin yaɗuwa, su kawo akwatunansu kusa da daji lokacin furen lipa. Sarauniyar zuma a sararin sama take barbara, ba ta san iyakar gandu ba. Jikokin wannan gauraye ba su da juriyar sanyi irin ta asali. Ga kuma ƙwaron nan mai kama da kaska, varroa, da ya addabi ƙudan zuma a duniya. Shi ya sa aka faɗaɗa yankin da aka hana shigo da baƙin ƙudan zuma, amma doka a takarda daban, tsaron hanyoyin daji daban.

Sai harshe. A 2018 Rasha ta yi dokar da ta mayar da koyon harsunan jamhuriyoyi a makaranta ganin dama, ba dole ba. A ƙauyukan Burzyan yaro zai ji Bashkir a gida ko da makaranta ta yi sakaci. Amma jarabawar shiga jami'a da Rashanci ake yi, wayar da ke hannunsa da Rashanci take magana. UNESCO ta riga ta lissafa Bashkir cikin harsunan da ke da rauni. Gundumomi irin su Burzyan su ne rijiyar da birane ke ɗiba. Idan ta ja baya, babu wata a bayanta.

Batun ƙasa ma bai kwanta ba. A 2020 dubban mutane suka taru a dutsen Kushtau, a gundumar Ishimbay mai iyaka da Burzyan, suka hana wani kamfani fasa shi, kuma suka yi nasara. A Janairun 2024 dubbai suka fito cikin tsananin sanyi a Baymak, ita ma maƙwabciya, lokacin da kotu ta ɗaure Fail Alsynov, ɗan gwagwarmayar da ya yi adawa da haƙar zinariya a yankin, shekara 4. An kama mutane da yawa bayan haka. Wanda ya san labarin Bragin da 1755 ba zai yi mamakin cewa a wannan yanki maganar ma'adinai takan zama maganar mutunci ba.

Yanzu ga yawon buɗe ido ya shigo da ƙarfinsa. Ana zuwa kogon, ana bin kogin Agidel da kwale-kwale a lokacin zafi, ana sayen zumar solok da tsada fiye da ta akwati nesa ba kusa ba. Wannan kuɗi ne da gundumar ke matuƙar buƙata, ina kuma yi musu murna da shi. Sai dai tsadar ta jawo masu jabu, waɗanda ke dama saƙa cikin zumar akwati su sayar da sunan ta daji, alhali abin da dukan bishiyoyin gundumar ke bayarwa a shekara kaɗan ne ƙwarai. Kuma masaukin baƙi da motocin da ke kawo su ba lallai ne su kasance na 'yan ƙauyen ba. Idan ribar ta tsaya a hannun mai hawa bishiya, ɗansa zai ga dalilin koyon ɗaura kiram maimakon neman tikitin Saberiya. Idan ta wuce ta kansa zuwa Ufa da Mosko, za a wayi gari ana biyan wani ya hau bishiya don a ɗauke shi hoto, ramin da ke sama kuwa babu kowa a ciki. Hukumar gandun da majalisar gundumar da gwamnatin jamhuriya su ne ke da ikon sa wa zumar hatimin da zai bambanta ta da jabu, su kuma ba 'yan ƙasa fifiko wajen lasisin masauki da jagorancin baƙi, tun yanzu da kogon ya shiga jerin UNESCO.